Ilimin shago kada ya tsaya cikin kan mutum ɗaya

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, tambaya gare ni. In babban yaron shagonka ya bar aiki gobe, wa ya san yadda ake cika takardun duwan? Wa ya san yadda ake ajiyar albasa cikin mangaza ba ta ruɓe ba? A mafi yawan shagunanmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, mutum ɗaya ne ya sani. Ranar da ya tashi ya tafi da saninsa, sabon yaro kuma sai ya koya da hasarar jarin maigida.

Akwai magani, sunansa wiki. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, ya ƙirƙiro shi a 1995, kalmar kuwa daga harshen Hawai take, ma'anarta sauri. Littafi ne na intanet wanda duk ma'aikatan wuri ke iya rubutu da gyara a ciki. Kowane gyara yana ajiye da sunan mai shi da lokacinsa, in an yi kure a maido da na da. A kan wannan tsari aka kafa Wikipedia a 2001, daga baya har da ta Hausa. Manhajarta, MediaWiki, kyauta ce, kuma manyan ma'aikatu irin su NASA ta Amurka sun yi amfani da ita wajen tara sanin aiki.

Wani zai ce ai muna da WhatsApp. Saƙon murya na bara, wa ke iya gano shi yau? Littafin takarda kuma wuta na cinye shi. Dattawan Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba.

Wata kuma za ta ce: in tona asirin sana'ata? A'a, Hajiya. Farashin sari da sunan mai ba ki kaya bashi naki ne, ki riƙe. Abin da za a rubuta shi ne hanyar aiki: yadda ake gane jabun takardar jikka goma, yadda ake auna tiya, lokacin biyan patanti, yadda ake tarbar mai saye. Ana ma iya rufe littafin, sai ƴan gida ko ƴan ƙungiya kaɗai su shiga.

Rashin karatu ma bai hana ba. Tsohuwa ta faɗa, jikarta ƴar lakwal ta rubuta da Hausa a salula, a haɗa da hoto.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi shi ne su fara da shafi goma kacal, su naɗa mutum ɗaya mai dubawa kowane wata, don littafin da ba a gyara shi ɓatar da mutane yake yi. Duk sabon yaro ya karanta kafin a ba shi makulli.

Allah ya sa albarka a kasuwa.