Sakamakon jarrabawar BEPC: abin da yake nuna mana game da karatun ƴaƴanmu

Kowace shekara, a farkon damina, ɗaliban ajin ƙarshe na kolej suna zaman jarrabawar BEPC, wadda jama'a ke kira Brebe. Idan sakamako ya fito, a wani gida a yi guɗa, a wani gida a yi jugum. Ya ku uwaye da masu riƙon yara, wannan sakamako ya shafe ku, domin da shi ake yanke ko yaro zai wuce lise, ko zai sake aji, ko zai koma gida. Saboda haka ya kamata ku san yadda ake samun sa, da abin da yake nufi.

Mene ne BEPC?

A ƙasar Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, daga aji CI zuwa aji CM2. Daga nan sai ya shiga kolej, inda zai yi shekara 4: aji 6e, 5e, 4e da 3e. Ku lura, a kolej lambar aji raguwa take yi: 6e shi ne na farko, 3e shi ne na ƙarshe. A ƙarshen 3e ne ake yin BEPC. Jarrabawa ce ta gwamnati, tambayoyi iri ɗaya ga ɗan Yamai da ɗan ƙauyen Tawa. Ana gwada yara a darussa kamar Faransanci, lissafi, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, da Ingilishi. Wanda ya ci yana iya neman shiga lise, ko makarantar koyon sana'a.

Me alƙaluma suka nuna?

Adadin masu cin BEPC yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara, kuma ya bambanta daga jaha zuwa jaha. A shekara ta 2021 ya faɗi ƙwarai: kimanin kashi 20 cikin 100 ne suka ci a duk faɗin ƙasa. Wato cikin yara 5 da suka zauna jarrabawa, 4 sun koma gida hannu banza.

Idan haka ta faru, wasu su ce tambayoyi sun yi tsauri, wasu su ce yaran zamani ba sa karatu. Amma akwai wani gwaji da ya nuna tushen abin. Sunansa PASEC, kuma ana yin sa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a makaranta. Ana gwada yaran da ke ƙarshen firamare, a ga ko sun iya karatu da lissafi gwargwadon ajinsu. A gwajin 2014, cikin yaran Nijar 10 ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake bukata a karatu ba. A gwajin 2019 an samu ci gaba: kimanin 3 cikin 10 sun kai matsayin a karatu, kimanin 2 cikin 10 kuma a lissafi.

Ku ƙirga da kanku. Yaron da ya gama CM2 a 2019, idan bai maimaita aji ba, a 2023 ya zauna BEPC. Idan ya shiga kolej bai iya fahimtar abin da ya karanta ba, da wannan rauni zai bi darasin tarihi, da na kimiyya, da na lissafi. Ranar jarrabawa ma sai ya fahimci tambaya kafin ya ba da amsa. Ke nan yawancin faɗuwar da ake gani a aji 3e tun daga firamare ta faro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ke kawo wannan rauni?

Na farko, harshe. Yaro yana tashi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barebari, amma a yawancin makarantu da Faransanci ake koya masa karatu. Aiki biyu ne a kansa: koyon baƙaƙe da koyon sabon harshe. Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka, ɗan kolej yana bukatar Faransanci mai ƙarfi kafin ya ci BEPC.

Na biyu, malamai. Yara sun yi yawa, aka ɗauki dubban malaman kwantaragi cikin gaggawa, wasu ba tare da isasshen horo ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi na firamare gwaji, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki ko fiye. Akwai malamai masu ƙwazo da yawa, amma malami ba ya ba da abin da shi kansa bai samu ba.

Na uku, lokaci. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba, ta ƙare a Yuni. Inda aji na zana ne, sau da yawa sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa shi, kuma ruwan farko yana iya tayar da shi. Idan aka haɗa da yajin aiki da fashin ranar kasuwa, sai watanni 9 su koma ƙasa da haka, a shiga jarrabawa ba a gama darussa ba.

Na huɗu, nisa. Ba kowane ƙauye ke da kolej ba. Yaro yakan tafi wani gari ya zauna hannun mai masauki. Wani ya dace da gidan kirki, wani kuma ya sha yunwa da aikace-aikace. Wannan ya fi damun ƴan mata, domin uwaye da yawa suna gwammace su cire yarinya da su bar ta a garin da ba mai kula da ita. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16.

Ku yi hattara da "kashi cikin ɗari"

Idan aka ce kolej kaza ta samu kashi 50 cikin 100, ku tambaya: 50 cikin su wa? Ga misali. A ce yara 60 suka shiga 6e. Bayan shekara 4, 20 ne suka kai 3e, 10 suka ci. Za a rubuta kashi 50 cikin 100, alhali cikin 60 ɗin farko yaro 1 cikin 6 ne ya fita da takarda. Sauran 40 da suka watse a hanya ba sa cikin lissafi. Saboda haka makaranta ta gari ita ce mai riƙe yaranta har ƙarshe, kuma su ci.

Yadda ake lissafin maki

Ana ba da maki bisa 20. Rabi shi ne 10, kuma shi ake nema a matsakaicin maki, wanda yara ke kira muwayen. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba: wasu ana ninka makinsu. Ga misali. A ce ana ninka lissafi sau 3, yaro ya samu 6. Ya gaza da 4, idan aka ninka sau 3 giɓin ya zama 12. Idan ya samu 14 a darasin da ba a ninkawa, rarar 4 kawai ya samu. Sai ya yi haka a darussa 3 kafin ya cike giɓin lissafi. Don haka ku fara duba makin Faransanci da na lissafi a takardar sakamakon yaronku.

Abin da za ku iya yi

Gina azuzuwa da horar da malamai aikin gwamnati ne. Amma ga abin da ke hannunku:

1. Ku nemi takardar sakamako duk lokacin da aka raba ta, tun daga 6e. Ku da kuka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, lambobi ba baƙinku ba ne. Idan kun ga maki ƙasa da 10, ku je ku ga malami kafin shekara ta ƙare.

2. Ku sa ƙaramin yaro ya karanta muku shafi ɗaya da dare, sannan ya faɗa muku ma'anarsa da harshen gida. Ko ba ku jin Faransanci, za ku gane idan haddacewa kawai ya yi.

3. Ku ba shi lokaci da fitila. Ku rage wa yarinya talla da ɗiban ruwa a ranakun makaranta.

4. Idan yaro yana zaune a wani gari, ku riƙa ziyartar mai masaukinsa, ku kai hatsi, ku tambayi halin da yake ciki.

5. Ku halarci taron kwamitin kula da makaranta da na ƙungiyar uwaye. Ku tambaya: yaushe aka fara darasi? Kwana nawa aka yi fashi? Yara nawa suka shiga 6e, nawa suka kai 3e?

6. Ku guji sayen amsa ko ba da cin hanci. Takardar da aka saya ba ta koya wa yaro abin da zai tarar a lise.

Idan yaronku ya faɗi a bana, ku zauna da shi da malaminsa, ku gano darasin da ya kayar da shi. Yana iya sake gwadawa, yana kuma iya koyon sana'a. Ƙannensa da ke firamare kuwa, yau ne ranar fara shirya su.