Tsakanin kai da remok: turken da ke riƙe da albasar Galmi

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Birnin Ƙonni ya nufi Madawa tsakanin watan Maris da na Mayu, ba sai an gaya masa ya shigo ƙasar albasa ba, hancinsa ne zai fara sanar da shi. Daga Tsarnawa zuwa Malbaza, daga Dogarawa zuwa Galmi, buhuna ne tsibi-tsibi a bakin kwalta, ƴan dako na kai da kawowa, manyan motoci kuwa sun yi layi suna jiran lodin da za su kai Akra ko Abijan, ko kuma su tsallaka Najeriya.

Burin kowane ɗan kasuwar wannan yanki sananne ne. Wanda ke hayar mota yana so ya mallaki tasa. Wanda ya mallaki kamiyo mai taya 10 kuma idonsa na kan titan, wato doguwar motar nan mai kai daban, remok daban, wadda a hayin Najeriya ake kira tirela. Ba laifinsa ba ne, lissafi ne ya kai shi. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14, wadda ministoci suka amince da ita a watan Disamba na 2005, ta tsayar da nauyin kamiyo mai layin taya 3 a kan tan 26, shi da kayansa, alhali titan mai layin taya 6 an yarda mata ta kai tan 51. Direba ɗaya, tafiya ɗaya, kaya ninki biyu. Wa zai ƙi?

Sai dai kuma wanda ya bar kamiyo ya koma titan ba babbar mota kawai ya saya ba, wani irin abin hawa ne dabam. Kamiyo jiki guda ne, daga hanci har wutsiya. Titan kuwa aure ne tsakanin abubuwa biyu, kuma a ƙasarmu sau da yawa angon daga Turai ya fito, ya sha aiki shekaru kafin a sauko da shi tashar jirgin ruwa, amaryar kuwa daga Sin, ko kuma daga hannun maƙeran garaji. Mai saye zai buɗe inji, ya saurari kukansa, ya daddanna taya, ya duba kujerar direba, amma ba kasafai yake sunkuyawa ya dubi wurin da aka ɗaura auren ba.

A bayan kan motar akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga, baƙi ƙirin saboda giris. Faransawa na kiransa sellette, ma'ana ƙaramin sirdi, kuma sunan ya dace, domin a kansa gaban remok yake zama kamar yadda mahayi ke zama a bisa doki. A ƙarƙashin remok kuma akwai wani guntun turken ƙarfe da ya leƙo ƙasa. In direba ya yo baya, turken ya shiga tsagar sirdin, sai wani muƙamuƙi ya cafke shi. Shi ke nan haɗin. Babu sarƙa, babu igiya. A mafi yawan motocin Turai kaurin turken nan milimita 50,8 ne, bai kai kaurin wuyan hannun ƙato ba, kuma shi ke jan albasar da mutum ya zuba dukiyarsa duka a ciki.

Dabarar ta girmi ƙasarmu. A shekarar 1914 wani maƙeri a birnin Ditroit na Amurka mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako amalanken da gabansa ke hawa bayan mota ƙirar Ford, don ya ja kwalekwalensa zuwa tabki. Amurkawa na kiran sirdin taya ta biyar, sunan da suka gada daga keken doki, inda wani zoben ƙarfe a kwance ke bai wa tayoyin gaba damar juyawa. Har gobe a can masu hali, galibi waɗanda suka yi ritaya, suna ɗaura irin wannan sirdi a bayan motar a-kori-kura su ja ɗaki sukutum, da gado da madafa da makewayi, su tafi yawon buɗe ido. Mu dai albasa da siminti muke ja, hutu sai wani jiƙon. Amma abin da ake gargaɗinsu da shi ya shafe mu: ba ƙarfin ja kaɗai ake tambaya ba, a tambayi nauyin da zai sauka a kan sirdin. A ɗakunan nasu yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin abin da ake ja. A titan ɗinmu ya fi haka.

Tarkon farko shi ne turken ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai milimita 50,8, akwai kuma babba mai milimita 89, wanda aka yi don aiki mai tsanani, kuma shi ake yawan samu a motocin Sin irin su Howo da Shacman da suka cika hanyoyinmu. Babban turke ba ya shiga ƙaramin sirdi, wannan da sauƙi, tun a garaji za a gane. Masifar tana ga ƙaramin turke cikin babban sirdi. Zai shiga, hannun kulle zai koma wurinsa, yaron mota zai ce an gama. Amma turken na iyo a ciki, kowane taka birki da kowane tashi duka ne a kan muƙamuƙin, har ranar da rami guda zai raba kai da remok. Abin takaicin shi ne maganin ba tsada gare shi ba in an kwatanta da kuɗin motar: a remok da yawa da kusoshi aka ɗaure turken, ana kwance shi a sa wanda ya dace.

Ko da girman ya dace, ƙarfe na cinyewa, ƙasarmu kuwa ta rairayi ce. Giris da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Kamfanin Jost na Jamus, wanda sirdinsa ke kan motoci da yawa a nan, ya ƙayyade cewa turke mai milimita 50,8 in ya sauko ƙasa da 49 a sauya shi. Ku duba da kyau, abin da ke tsakanin lafiya da haɗari bai kai milimita 2 ba, ido ba ya ganinsa, sai da ma'auni. Abin da aka saba yi a bakin hanya shi ne a kira mai walda ya ɗora wa turken nama, a goge, a ce ya koma sabo. Wannan ƙarfe an yi masa horo na musamman da wuta a masana'anta, zafin walda kuma na warware horon. A ganina duk mai motar da ya yarda da wannan gyara ya sayi araha, araha kuwa ba ta ado.

Sai tsayi. Kan motar da aka yi don shimfiɗaɗɗun hanyoyin Turai sirdinsa ba ya nisa da ƙasa, wajen santimita 115 zuwa 125. Kan da aka yi don aikin daji, mai manyan tayoyi, nasa yakan haura santimita 130. In aka ɗora remok ɗin wancan a kan wannan, gabansa zai ɗaga, nauyi ya koma wa layin taya na ƙarshe. Nan ne za ka ji mai mota na kukan tayoyin baya ba sa daɗewa, yana zagin mai sayar da taya, alhali remok ɗinsa ne ke tafe a karkace tun daga Galmi. In kuma kan ya cika gajarta, remok ya duƙa gaba, ya dinga gugar tayoyin kan a duk inda hanya ta yi tudu da gangare. Akwai kuma ratar da ke tsakanin ɗakin direba da goshin remok. In ta yi kaɗan, ranar da aka sha kwana mai tsanani kusurwar remok za ta daki ɗakin ta fasa gilashi. Masu jan ɗakunan Amurka sun san wannan ciwo, shi ya sa aka ƙera musu sirdi mai zamewa baya.

Mu koma ga lissafi, tun da ƴan kasuwa muke magana da su. Yawancin kawunan da ake kawowa daga Turai layin taya 2 gare su, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. In an haɗa irinsu da remok mai layi 3, dokar 2005 tan 43 ta ba su. Kai mai layi 2 a baya shi ke kai mutum tan 51. Bambancin tan 8 ne, in an cire ƙarin nauyin shi kansa kan, abin da ya rage ya kai buhu 50 da wani abu a kowace tafiya. To, a ƙaddara an loda buhu 300, kowane kilo 120, tun da kowa ya san buhun albasarmu da hularsa yake tafiya. Tan 36 ke nan. A ƙara nauyin kai da na remok, wajen tan 16 ko 17, an riga an tsallake 51, balle 43. Ma'aunin da ke kan hanya kuma ba jimla kaɗai yake dubawa ba, layi-layi yake aunawa: tan 6 a gaba, tan 12 ga layi guda mai tagwayen taya. Ƴan dako suna iya tara kaya a goshin remok, jimlar ta yi daidai, amma layin bayan kan ya wuce ƙa'ida, a ci tara. Suna iya kuma tara shi a wutsiya, sirdi ya yi sakayau, tayoyin da ke ja su rasa abin da zai danne su. Masu ɗaukar siminti a Malbaza sun fi samun sauƙi a nan, buhunsu kilo 50 ne ba ƙari, ga shi ba ya tashi sama. Albasa kuwa tana tashi, doka ta tsaya a mita 4, kuma direban titan ba ya jin remok na kishingiɗa kamar yadda direban kamiyo ke ji a kujerarsa. Kafin labari ya iso masa ta sirdi, tayoyin gefe guda sun bar ƙasa.

Ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan fili, musamman na ɓangaren ayyukan hanya, sun san sauran zancen: ɓarnar da layin taya ke yi wa kwalta ba a hankali take ƙaruwa ba, in nauyi ya ninka biyu ɓarnar takan ninka wajen sau 16. Ramukan da ke cinye turke, lodinmu ne ya haƙa su.

Birki ma aure ne. Tiyo biyu na iska ke tashi daga kai zuwa remok, a tsarin Turai ja da rawaya. Jan ke cika tankin remok, rawayan ke kai umarnin ƙafar direba. In jan ya tsinke, an tsara remok ya kama birki da kansa, kuma wannan ne kaɗai abin da zai tsayar da shi in ya rabu da kai. Akwai masu toshe tiyon remok in yana yoyo, su ce birkin kai ya isa. Bai isa ba. In kai ya tsaya remok bai tsaya ba, tan 30 ne ke turo shi daga baya, sai motar ta naɗe kamar askar wanzami, ta share duk abin da ke gefen hanya. A Galmi da Dogarawa kuwa abin da ke gefen hanya mutane ne: masu talla, ƴan makaranta, masu amalanken jaki, da majinyatan da ke zuwa asibitin Galmi, wanda ke karɓar jama'a tun 1950.

Shi ya sa batun direba ba na raini ba ne. Permi na kamiyo bai wadatar ba, sai an ƙara da mai harafin E. Takarda ma ba ita ce gwaninta ba. Remok ba ya bin sawun kai a kwana, yankewa yake ta ciki. In ana baya, hannun da aka saba juyawa dama sai a juya shi hagu. Gogaggen direba in ya haɗa, zai sauko ya leƙa da tocila ya ga muƙamuƙi ya rufe, ya ga babu haske tsakanin sirdi da cikin remok, domin turke na iya hawa bisa muƙamuƙin maimakon ya shiga, sa'an nan ya sa giya ya ɗan finciko a hankali tun ƙafafun remok ba su yi nisa da ƙasa ba. In zai ajiye remok da kaya a kan rairayi, zai shimfiɗa wa ƙafafun katako. Kuma ya san titan ba ta shiga fadama. Kamiyo kan lallaɓa har kusa da rumbun albasa, ita kuwa a bakin kwalta take jira, kuɗin fito da kaya zuwa wurinta na cikin abin da ya kamata a lissafa tun farko.

Hanyoyin ma sun ƙara tsawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, motocin Lome suka koma bi ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Motar da turkenta ya karye a cikin irin wannan ayari ba wanda zai tsaya jiranta, albasa kuwa ba ta san uzuri ba, kwana kaɗan a rana ta fara ruwa.

Remok yana da kart-giriz nasa da lambarsa, dabam da na kai, kuma ya kamata a tabbatar asiransi ta ambaci su biyun. A jikin sirdi akwai ɗan allon ƙarfe da ke faɗin girman turken da yake karɓa da nauyin da yake ɗauka, in giris ya rufe shi a sa tsumma a goge. Sayen kai a Lome ta wayar tarho, a sayi remok a Maraɗi ta bakin dillali, cinikin biri a sama ne. In ba yadda za a yi a haɗa su wuri guda kafin biya, to a aika wa kowane ɓangare da awo uku a rubuce: kaurin turke, tsayin sirdi daga ƙasa, da ratar da ke tsakanin turke da goshin remok. In kuwa za a iya haɗa su, a kai su fili mai daidai, a ja da baya a dubi remok ko ya kwanta sambal, sa'an nan direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, mai kuɗin na tsaye yana kallon kusurwar.