Ba kowane yaro da muke kira daƙiƙi ne daƙiƙi ba



Yau ƙorafinmu a kan bakinmu yake. Daga Korgom har Kanambakashe, yaron da ba ya iya zama wuri guda ya riga ya samu suna: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, ɗan rawar kai. Yarinyar da ke shiru tana kallon sama, kullum ta ɓatar da bik da kaye, ita kuma shashasha ce. In abin ya yi yawa a ce iska ne, a nufi gidan boka. Sunayen nan duk hukunci ne, kuma bulala ke bin bayansu.

Alhali cikin yaran nan akwai masu larurar da likitoci suka daɗe da sani. Da Faransanci TDAH suke ce mata, maƙwabtanmu na Najeriya su ce ADHD. Mu dai mu kira ta larurar ƙarancin natsuwa. Tun 1902 likitan yara George Still ya yi bayaninta a Landan. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sake mata suna a 1980 da 1987, a 1994 suka raba ta gida uku. Kimanin yara 5 cikin 100 ke da ita a duniya. To a ajin CP mai yara sittin ko saba'in, ku yi lissafi da kanku.

Kashi na farko, rashin tattara hankali. Yaron ba ya damun kowa, amma a aike shi sayen gishiri ya dawo hannu banza, ya fara rubutu ya bari a tsakiya. Ƴan mata sun fi faɗawa nan, kuma su ne ba a lura da su. Kashi na biyu, yawan motsi da gaggawa: ba ya zama, ba ya jiran layi, mushe bai gama tambaya ba ya yi tsalle da amsa. Na uku ya haɗa biyun. A 2013 masanan suka ƙara da cewa kamannin larurar kan sauya da shekaru: tsalle-tsallen ya lafa, mantuwar ta saura har girma.

Mun san abin da wasu za su ce: wai ciwon Turawa ne, mu bulala ta gyara mu. Ta gyara wa? Mu ƙirga ƴan ajinmu da suka gudu daga lakwal tun CE2, suka ƙare a tasha ko suka tsallaka iyaka neman kuɗi. Su ba su da shafin da za su ba da shaida. Yarinyar da aka ce ba ta da kan karatu kuwa, mun san inda ake kai ta: ɗakin miji, tun ba ta isa ba.

Haka kuma ba mu yarda da masu ɗauko sunan daga intanet suna liƙa wa kowane yaro ba. Ƙiriniya halin ƙuruciya ce. Yaron da ya zo aji ciki babu koko, ko mai ƙarancin jini, ko wanda kunnensa ke ruwa, ko wanda ake wa darasi da Faransancin da bai taɓa ji a gida ba, dole hankalinsa ya tafi. Akwai ma wata farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙame na ƴan daƙiƙu kamar mai tunani. Likita ba ya cewa TDAH sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, an gan su aƙalla wuri biyu, kamar gida da lakwal ko makarantar allo, kuma suna hana yaron ci gaba. Don haka kada wanda ya sayi ƙwayar sa barci a hannun mai talla wai don yaro ya natsu.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Gidajen rediyonmu su tsayar da suna guda na Hausa, su yi ta maimaita shi. Makarantun horon malamai su koyar da kashi ukun nan. Mushe ya zaunar da irin yaron a gaba, ya ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya sa shi goge allo in zama ya ishe shi. Iyaye kuma, kafin boka, kafin dorina, mu kai shi asibiti a duba jini da kunne da ido.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin renon su.