Me Muka Aro Daga Indiya, Me Muka Bari?

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma a kanmu yake, mu ɗaliban Hausa.

Ran nan muna zaune a Dundaye muna jiran lacca, sai na tambayi abokan karatuna sunayen 'yan wasan Indiya. Nan take aka shiga jero su, tun daga Amitabh Bachchan har Shah Rukh Khan. Da na ce to wane ne Adamu Halilu, sai wuri ya yi tsit. Alhali duk mun karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma Adamu Halilu ne ya mai da littafin fim a 1976.

Tun cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo mana fina-finan Indiya. Iyayenmu sun gani, mu ma mun gani, yau har fassara su ake yi da Hausa. Ban ce laifi ne ba. Abin tambaya shi ne, a cikin wannan doguwar ma'amala me muka koyo? Rawa da waƙa a cikin lambu, shi ke nan!

Ga abin da muka bari. Tun 1952 Indiya ta kafa bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa, aka fara shi a Bombay, kuma daga 2004 ya sami mazauni a jihar Goa. Suna gayyato fina-finan duniya su kalla su ƙaru, sannan sun ware sashe musamman don nasu na gida, cikin harsunansu daban-daban. Baƙo ya zo da nasa, ya tarar da na masu gida a shimfiɗe.

Wani zai ce ai Indiya babbar ƙasa ce mai kuɗi. To Burkina Faso fa? Tun 1969 ake bikin FESPACO a Wagadugu. Wanda ya fara cin babbar kyautar bikin a 1972 mutumin Nijar ne, Oumarou Ganda. Moustapha Alassane kuwa, wanda ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a Tawa, nan bayan iyakar Illela. Mu nawa ne a Sakkwato muka taɓa ganin fim ɗaya nasu?

Abin kunya bai ƙare ba. Fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru an ɗauka ya ɓace. Da aka gano shi, a Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Ke nan Bajamushe ya zauna ya kalli Shaihu Umar, ni da nake rubuta jarrabawa a kansa ban gani ba.

Don haka ina kira ga Ƙungiyar Hausa da malamanmu, a ware mako guda kowace shekara. Ba a bukatar miliyoyi, zauren lacca da majigi da farin ƙyalle sun isa. A nemo Shaihu Umar, a nemo na Ganda da Alassane, a kawo Pather Panchali na Satyajit Ray don mu ga Indiyar da ba ta rawa, a gayyato masu fim na Kano a yi muhawara ido da ido.

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Allah ya sa shugabanni su ji, amin.