Wasa da Yaro Ba Ɓata Lokaci Ba Ne: Kira ga Iyaye Ma'aikata

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a shekarar 1991, aikin albashi yake ta yaɗuwa a garuruwan da ke kewaye da Birnin Kebbi. Kalgo, wadda a da aka fi sani da noma, yau ita ce mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. A Gwandu kuwa, tsohuwar cibiyar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma, maza da mata, masu fita da sassafe ba su dawowa sai la'asar. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da wata tambaya da ba a cika yi ba: wa ke wasa da ɗan shekara biyun da aka bari a gida?

A gidan gandu na dā, amsar a fili take. Al'adar kunya takan hana uwa da uba sakewa da ɗan fari, har ba su kiran sunansa, amma yaro bai rasa komai ba, domin kaka tana nan. Ita ke yi masa tawai da tatsuniya, ita ke tsokanarsa da sunan miji ko kishiya. Ga gwaggo, ga yayye. Yau ma'aikaci ya kama hayar ɗaki biyu kusa da wurin aiki, ya baro kaka a ƙauye, amma ya taho da kunyar. Sai yaro ya wuni hannun 'yar raino, ita ma yarinya ce, ko a miƙa masa waya don ya yi shiru.

Masana sun nuna cewa wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Kafin yaro ya cika shekara 3, ƙwaƙwalwarsa ta kai kimanin kashi 80 cikin 100 na girman ta babba. A waɗannan shekaru ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙulla hanyoyin sadarwa a tsakaninsu da sauri ƙwarai. Hanyar da ake yawan amfani da ita takan ƙarfafa, wadda aka bari kuma ta shuɗe, kamar yadda ciyawa ke cinye turbar da aka daina bi. Abin da ke raya hanyoyin shi ne ba-ni-in-ba-ka: yaro ya nuna akuya ya yi gwaranci, babba ya amsa ya faɗi sunanta, yaro ya sake gwadawa. Waya na iya yi wa yaro waƙa, amma ba ta amsa masa. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, ɗan shekara 2 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga birnin Kingston na ƙasar Jamaika. A 1986 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka fara bincike kan yara 129 da tamowa ta tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. An ba wasu madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidajensu awa 1 a mako har shekara 2, tana koya wa uwa wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman su. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wasa suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Ba wanda zai ce abinci ba shi da muhimmanci, amma ciki kaɗai aka cika ba a gama reno ba.

Mai musu zai ce ma'aikaci ya dawo a gajiye, matar kuma ga girki ga wanki na jiran ta. Gaskiya ne. Sai dai wasan da ake magana ba ya buƙatar kuɗi ko dogon lokaci. Lokacin wanka, a riƙa kiran sunayen gaɓoɓi. Lokacin girki, a ba yaro ƙoƙo da ludayi, a bar shi ya ƙirga albasa. Bayan magariba, uba ya ajiye waya na rabin awa, ya zauna a tabarma ya bi wasan da yaron ya zaɓa. Wanda ke ganin hakan zubar da girma ne, ya tuna cewa ya tabbata a hadisi Manzon Allah (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama.

Hukumomi su ma suna da nasu kason. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma a 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa. Amma rabin awa ba ya amfanar uwar da jaririnta ke wata unguwa mai nisa. Ya kamata manyan ma'aikatu da asibitoci da makarantu su keɓe ɗakin reno a harabarsu, a kuma horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su riƙa koya wa iyaye wasa da yara a ranakun rigakafi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin ofis da aka bari yau ana iya ƙarasa shi gobe, amma shekara ta biyu ta rayuwar yaro sau ɗaya take zuwa.