Allurar Sankarar Mahaifa a Malbaza: A Nemi 'Yar Shekara Tara Inda Take

Sankarar bakin mahaifa tana cikin 'yan ƙalilan daga cututtukan daji da aka gano sanadinsu, aka kuma samu allurar da ke tare su tun ba su kama ba. Sanadin wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ke wucewa tsakanin namiji da mace wajen saduwa. Yawancin mutane suna gamuwa da ita a rayuwarsu, jiki ya kawar da ita ba su ma sani ba. A jikin wasu mata kuwa sai ta zauna, ta yi shekara 15 zuwa 20 tana sauya naman bakin mahaifa a hankali har ya rikiɗe ya zama daji. Iri biyu daga cikinta, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suka auku. Allurar tana nan tun 2006. Abin da nake so in kare shi ne, a Malbaza da Ƙonni da Illela wannan allura ba za ta ceci matan da ya kamata ta ceta ba sai an bi yarinya tun tana shekara tara, a gidan likita da ƙofar gidansu da makarantar allo, kuma ma'aikacin lafiya ne zai fara buɗe baki ya yi maganar.

Allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga jikinta. Aikinta tarewa ne, don haka amfaninta ya rataya a kan lokacin da aka yi ta. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mata da 'yan mata kusan miliyan 1.7 a Suwidin, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari, waɗanda aka yi wa daga baya kuwa ragin ya tsaya a wajen rabi. A Ingila ma an ga ragin kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa suna 12 zuwa 13. Shi ya sa aka ware shekara 9 zuwa 14. Sai dai wannan tazara da ke da faɗi a Turai ta matse a wajenmu. Binciken ƙasa na 2012 a kan iyali da lafiya ya nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata suna yin aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Ma'ana, yarinyar da aka ce a bari sai ta kai 13 ko 14 mai yiwuwa an riga an sa mata rana, ko ta tare a ƙauyen mijinta, sunanta ya fita daga duk wata takarda. Muhawara a kan shekarun aure tana da muhallinta, amma majo, wato shugaban gidan likita, ba zai jira a gama ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ɗauki shekara tara a matsayin lokacin yin allurar.

Ƙasashen da suka yi suna a wannan aiki ta makaranta suka bi. Ruwanda, wadda ta fara a 2011, ta yi wa fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan matan da ta nufa, saboda kusan dukkansu suna aji shida na firamare, ma'aikata suka same su zaune a benci. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a nan, tana cikin ƙasashe takwas na farko da ƙawancen rigakafi na Gavi ya amince musu da shirin gwaji a 2013. Amma duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙonni ya wuce Tsarnawa zuwa Galmi da hantsi ya san inda 'yan mata da yawa suke a lokacin da ake ɗaukar darasi. Suna bakin titi da farantin talla a ka, suna cikin garaken albasa, suna kan hanyar rijiya. Shirin da ya dogara ga rajistar makarantar boko kaɗai zai sami 'yar ma'aikacin kamfanin simintin Malbaza, ya bar 'yar ƙauyen da za a aurar kafin kowa, wadda kuma ita ce ba za ta taɓa zuwa gwajin mahaifa ba in ta girma. A tsallaken iyaka, Najeriya ta fara nata shirin a watan Oktoba na 2023 da allura ɗaya tak, Kano da Jigawa da Kebbi suna zangon farko, Sakkwato ta shiga a Mayun 2024, kuma ma'aikata sun bi makarantu sun kuma shiga unguwanni. Tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato tafiya ce ta ɗan lokaci a kan babur, dangi ɗaya ne, aure ɗaya. Abin da aka faɗa a kan allurar a can, gaskiya ko ƙarya, ya riga ya iso kasuwanninmu.

Tsarin rigakafinmu an gina shi ne a kan jarirai. Da yaro ya karɓi allurar ƙyanda ta ƙarshe sai ya ɓace daga littafin gidan likita, mace kuma ba a sake rubuta sunanta sai ranar da ta zo awon cikin fari. Shekaru fiye da goma ke nan babu wanda ya tambaye ta komai. Alhali tana zuwa. A duba harabar kowane gidan likita ranar awon yara: mata na zaune a inuwa da karne, wato katin allurar yaro, a hannu, a bayansu ga yarinya 'yar shekara goma goye da ƙaninta, tana jijjiga shi har layi ya zo kan uwarta. Ta tsaya taku biyar daga firjin allura, ta koma gida ba a ko dube ta ba. Haka take zuwa da masassara, da rauni a ƙafa, da rakiyar yayarta mai naƙuda. Kowace irin wannan zuwa dama ce, kuma kama ta ba ya bukatar mota ko man fetur. Yana bukatar ƙa'ida guda da likitan gunduma zai kafa: duk yarinyar da ta shigo harabar, da ciwo ko babu, a tambayi shekarunta, a duba ko an yi mata. Da yake da yawa ba su da takardar haihuwa, wakilan lafiya na ƙauye da masu gari su ne za su jera sunayen 'yan matan kowace unguwa tun kafin lokaci, a kuma ba kowace karnenta na kanta.

Yadda ake faɗin maganar ma yana da nauyi. A Amurka, a jihar Karolina ta Arewa, an gwada an ga cewa asibitocin da aka koya wa ma'aikatansu su sanar da iyaye kai tsaye cewa lokacin allurar ya yi sun fi samun karɓuwa a kan waɗanda aka bari yadda suke. Wannan ya dace da halin mutanenmu. Idan ungozoma ta yi ƙasa da murya ta ce, “Akwai wata allura, ko za ku so?”, uwa za ta ji kamar akwai abin da ake ɓoyewa. Idan kuwa ta ce, “Inna, wannan 'yar taki ta kai tara ko? To lokacin allurarta ta kariya daga dajin mahaifa ya yi. Guda ɗaya ce a dantse, kyauta. Ki shaida wa Malam, in ya amince yau ma sai a yi,” ta ajiye ta a sahu ɗaya da ta ƙyanda da ta sanƙarau. Batun guda ɗaya kuwa ba rangwame ba ne da aka yi wa talaka. Gwajin da aka yi a Kenya ya nuna allura ɗaya ta tare iri na 16 da na 18 da kashi 97 cikin ɗari, kuma a Disamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari. Wahalar neman yarinya bayan wata shida don allura ta biyu ta kau.

Mai ƙin yarda zai ce allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa mata kaɗai? Bai kamata a yi wa mai wannan tambaya kallon jahili ba. Ƙasar Hausa tana tune da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, inda yara suka mutu, tana tune da yadda aka dakatar da allurar shan-inna a can a 2003. Tambayarsa tana da amsa, kuma a ba shi ita tun kafin ya yi. An fara da mata ne domin su ne ciwon ke kashewa, allurar kuma a lokacin ba ta wadaci duniya ba. Ostireliya, da take da hali, tana yi wa yara maza tun 2013. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba bayanai a 2017, bayan an rarraba allurai fiye da miliyan 270, ya kuma ci gaba da dubawa, bai sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne ciwon kansa, domin maganinsa sau da yawa cire mahaifar ne ko gasa ta da haske. A kuma faɗi abin da ke faruwa ba ɓoye-ɓoye: dantse yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wata takan ji jiri don tsoron allura, shi ya sa ake zaunar da ita minti 15. Japan ta nuna abin da shirun hukuma ke jawowa. Da jita-jita ta tashi a 2013, gwamnati ta janye kiran da take yi wa iyaye, masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, ba a maido da kiran ba sai 2022.

Wani uban kuma zai ce 'yarsa mai tarbiyya ce, a ɗakin mijinta za ta fara sanin namiji, me za ta yi da wannan allura? Gaskiyarsa a kan tarbiyyar, amma ƙwayar ba ta tambayar ko an ɗaura aure. Mace da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi kuma ya ɗauko daga auren da ya yi a baya, ba tare da wani ya aikata alfasha ko ya ga wata alama ba. A inda ake zama da kishiya, ake rabuwa a sake aure, wannan hanya a buɗe take cikin halal. Malamai ne suka fi cancanta su bayyana haka, kuma ya kamata likitoci su zauna da su su nuna musu hujja kafin ranar farawa, maimakon a aika musu takardar sanarwa ana gobe. Akwai kuma abin da ya keɓanta da jihar Tawa: bayan girbi magidanta da yawa suna tafiya cin rani Najeriya ko Kwaddibuwa ko Libiya, uwa kuma ba za ta miƙa dantsen 'yarta ba da izinin uban ba. Don haka a nemi yardar maza da damina, suna gida, a masallacin Juma'a da fada da zaurukan makarantar mazaje, wadda aka fara a Damagaram ta kuma nuna cewa maza na sauraro in an zauna da su da mutunci.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ma'aikatan kansu. Majo ɗaya da mataimaki ɗaya suna fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ƙyanda da haihuwa, yanzu a ƙara musu ciwon da ba zai bayyana ba sai bayan shekara 20? Nauyin gaskiya ne, kuma ba a ɗora shi da baki kawai. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba ta son ƙanƙara, don haka firji mai aiki da hasken rana wajibi ne a ƙauyukan Dogarawa da Badagishiri. Wakilan ƙauye suna bukatar a biya su a kan kari. Rahoton wata-wata yana bukatar gurbin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin abin da ba a tambayi majo a rahoto ba shi zai fara ajiyewa ranar da aiki ya yi yawa. Kamfanin siminti na Malbaza da manyan dillalan albasa suna da halin sayen irin waɗannan firji, asibitin Galmi kuma, da ke aiki tun 1950 yana karɓar marasa lafiya har daga Najeriya, ya kamata ya shiga tsarin. Amma a auna da ɗaya gefen. Tun 2007 doka ta ce maganin dajin mata kyauta ne a Nijar, sai dai na'urar gashi da haske ta fara aiki ne a 2021, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 400 daga Malbaza. Dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan masauki da abincin mai jinya na makonni. Matar da ciwon ke kamawa galibi tana tsakiyar ƙarfinta ne, da 'ya'ya a gabanta, kuma takan daɗe tana ɓoye zubar jini da warin ruwa don kunya, sai abin ya ci ƙarfinta a kawo ta, a sayar da awaki da hatsin rumbu a kan jinyar da ta zo a makare.

Ita uwar da ta kawo yarinyar, allurar ta wuce ta, amma ba a bar ta haka ba. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a Nuwamban 2020 ya nemi kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Gwajin mafi sauƙi ungozoma ce ke yin sa da ruwan kal da fitila: ta shafa a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari cikin minti ɗaya, a ƙone shi da 'yar na'ura mai batir tun bai zama daji ba. Idan an horar da ungozomomin Malbaza da Ƙonni da Illela a kan wannan, minti 15 da yarinya za ta zauna bayan allura sun isa a shiga da uwarta ɗaki a duba ta.