A rubuta wa Kilomita Biyar labarin gobe

Duk kyamarar da ta shiga unguwar Kilomita Biyar a Bangui, jiya take nema. Ana ɗaukar rumfunan kasuwa da suka ƙone, ana tuna rikicin Seleka da Anti-Balaka na 2013 da 2014, lokacin da unguwar ta zama mafakar Musulmin birnin, ko a nuna Paparoma Francis a babban masallacinta a Nuwamban 2015. Duk wannan gaskiya ne, amma unguwar da ba a taɓa nuna ta tana da gobe ba, sannu a hankali sai a ɗauka ba ta da ita. Shi ya sa nake ganin marubutan fim na Hausa su ɗauko ƙagaggen labarin kimiyya su dasa shi a can, inda jikokin fataken Hausawa ke ciniki da Hausa da Sango.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai wani yaro sararin samaniya. Kannywood ce ta bar hanyar ta cike da ciyawa, ta tare a soyayya da rikicin kishiyoyi. A waje kuwa, fim ɗin District 9 na 2009 ya killace halittun wata duniya a bayan waya a Johannesburg, kowa kuma ya gane wariyar launin fata ake nufi. Mutumin da ya yi watanni bai iya ƙetare iyakar unguwarsa ba, ba sai an yi masa fassarar wannan fim ba. Abin da baki ke nauyin faɗa a gaban maƙwabci, labarin shekara ta 2080 zai faɗe shi ba tare da an nuna kowa da yatsa ba.

Za a ce ina kuɗin? Ai mutane sun ɗauka sai da jirgin sama jannati da kwamfutoci masu tsada. Wanuri Kahiu ta Kenya ta yi Pumzi a 2009, gajeren fim kan duniyar da ruwa ya ƙare, ƙarfinsa kuma a rubutun yake. Kayan labari ma ga su a ƙasa: a 2022 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta halatta Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa, alhali wutar lantarki gata ce a Bangui. Wane marubuci ne zai rasa abin yi da ɗan canjin Kilomita Biyar a wannan hali?

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan kutse ne cikin gaibu. Amma boka ne ke cewa ga abin da zai faru. Marubuci cewa yake a ƙaddara, kamar yadda malaman fiƙihu ke ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba don su gwada hukunci a kanta.